Bitil ɗita ba ta da filtar mai: in saka mata ko in bar ta yadda aka ƙera ta?

Mai_Kunkuru72: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ina da Volkswagen Bitil 'yar 1972, inji 1600, na gaje ta a wajen mahaifina. Jiya na yi mata juyen baƙin mai da hannuna karon farko. Na shiga ƙarƙashi ina ta laluben filta, ashe babu ita. Abin da na tarar kawai wata rariya ce ta waya a bayan faranti mai noti 6, kuma ramukanta ko yashi zai wuce. A kan farantin akwai wata baƙar laka mai ƙyalli. Hankalina bai kwanta ba. Ana iya saka wa injin nan filta irin ta motocin yanzu ba tare da an sauke shi an raba shi biyu ba? Injin lafiyarsa lau, ba hayaƙi, ba ƙara.

BabaSifana: Wa alaikumus salam. Yaro, bar ta. Inji lafiyarsa lau, me kake nema? Haka aka yi su, haka suka yi shekara da shekaru suna aiki. Baƙin man da yake ɗauka lita 2.5 ne kacal. Ka juye shi duk kilomita 5,000 kamar yadda littafin motar ya ce, ka wanke rariyar da kananzir, ka sa sabbin gasket biyu da sabbin wosha na tagulla, ka saita bawul a milimita 0.15 da sanyin inji. Shi ke nan. Juyen man shi ne filtarka. Kada garin neman gira ka rasa ido.

Injiniya_Bawul: Baba, da girmanka, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Injin nan tsarin shekarun 1930 ne, kuma baƙin man wancan zamani daban yake da na yau. Na da ba shi da sinadarin wanki, datti yakan kwanta a ƙasa ya zama laka, ka zo ka kwashe lokacin juye. Na yanzu an yi shi ne don ya riƙe dattin a jikinsa ya kai wa filta. To idan babu filtar, ina zai kai shi? Zagayawa zai yi ta yi da shi, daga famfo zuwa metal (ƙarafunan da karanshaf ke juyawa a kansu), daga metal ya dawo famfo. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai biyu ba. Filtar takarda tana kama abin da bai wuce maikiron 20 zuwa 40 ba, rariyar kuwa sai abin da ido ke gani.

Kuma su kansu masu motar sun canza ra'ayi. Injin Type 4, wanda ke cikin Volkswagen 411 da Porsche 914 da Kombi na baya, da filtarsa ya fito. Bitil ɗin da aka ci gaba da ƙerawa a Puebla ta ƙasar Meziko har 2003, samfurin ƙarshe mai injekta, ita ma da filta a jikin famfon mai.

BabaSifana: Na Meziko ai tafet ɗinsa, abin da ke tura bawul, na haidirolik ne, wato da mai yake aiki, ɗan datti kaɗan sai ya maƙale, dole a sa masa filta. Na yaron nan ba haka yake ba. Kada ka haɗa su.

Injiniya_Bawul: Wannan gaskiya ne Baba, na karɓa. Amma metal ɗin ai iri ɗaya ne, kuma shi ma ba ya son yashi.

Dan_Kombi: Ni dai na saka, shekara huɗu ke nan. Ban ga abin nadama ba.

Mai_Kunkuru72: @Dan_Kombi wace iri ka saka Oga? Kuma sai da aka sauke inji?

Dan_Kombi: Famfo mai filta a jiki. Ka cire fuli, ka cire kwanon da ke bayansa, ka zare tsohon famfon, ka zura sabon. Filtar a murfinsa ake ɗaura ta, ba tiyo, ba huda. Wuni ɗaya muka yi.

Tsohon_Gareji: Bari in baje muku abin a faifai, don na ga kowa zai kawo nasa a ruɗa mai tambaya.

Wanda Ɗan Kombi ya faɗa shi ne mafi sauƙi. Matsalarsa filtar tana zama dab da bututun salansa, tana shan zafi, kuma ba kowace salansa ke ba ta wuri ba. Na sha ganin wanda ya saya ya zo ɗaurawa ta ƙi shiga.

Akwai famfo mai ƙofa biyu a murfi, ɗaya fita ɗaya shiga. Mai ya fita ta tiyo zuwa filtar da ka ɗaure a gefe, ya dawo ta ɗaya ƙofar ya shiga hanyarsa ta asali. Shi ma ba huda.

Sai wanda masu ɗaure inji suka fi yarda da shi. A toshe mafitar famfon daga ciki, a sa murfi mai ƙofa ɗaya, sannan a huda babbar hanyar mai ta jikin kes ɗin (gangar jikin injin), a yanka mata zare na inci 3/8, mai ya dawo ta nan. Hanyar a miƙe take, ba lanƙwasa da yawa. Amma aikin lokacin da inji ke a buɗe ne, a wanke kowane rami da buroshi bayan an gama.

Na huɗun ba na ma son ambatonsa: wani ƙarfe da ake ɗaurawa a mazaunin kular mai (abin da ke sanyaya man), a jawo tiyo daga nan. Ku guje shi.

Hajiya_Karmann: Me ya sa Malam? Shi wani ya ba ni shawara in saka wa tawa.

Tsohon_Gareji: Hajiya, dalili biyu. A ƙasan injin, ta ɓangaren fuli, akwai wani ɗan fistin mai sifirin. Idan mai yana da sanyi ya yi kauri, firesha ta hau, fistin ɗin sai ya sauka ya buɗe wa man hanya kai tsaye zuwa metal ba tare da ya bi ta kula ba. Idan filtarki a layin kula take, duk safiya injin zai sha man da ba a tace ba, kuma lokacin ne aka fi cin ƙarfe. Na biyu, masu saka shi sukan cire kular asali daga gidan fanka. Ita kuwa iskar injin an auna ta da kular a wurin. Kin gyara ɗaya kin ɓata biyu.

Hajiya_Karmann: Allah ya saka da alheri. Saura ƙiris in biya kuɗinsa.

SarkinTiyo: Tunda an zo maganar tiyo bari in ba ku labarina, ko wani ya shafa wa gemunsa ruwa. Na ɗaure inji sabo fil, na yi masa hudar nan ta hanya ta uku da Tsohon Gareji ya faɗa, komai daidai. Sai na yi ƙwauron tiyo, na sa wanda na samu a kusa, ashe na fetur ne, bai san zafin baƙin mai ba. Ɗaya kuma na bar shi yana shafar salansa. Wata biyu ana lafiya. Ran nan ina kan babbar hanya sai na ga jar fitila ta kama. Kafin in gangara gefe lita biyu da rabin nan ta tsiyaye a kan kwalta. Sakan nawa ne? Inji ya buga. Injin da ba shi da filta bai taɓa yi min haka ba. Ban ce kada a saka ba, har yanzu da ita nake yawo, amma kowane tiyo da kowane kilif wata sabuwar ƙofa ce da mai zai iya gudu ta cikinta.

BabaSifana: Kun ji ko? Ni ban ce komai ba.

SarkinTiyo: Baba ai laifina ne ba na filta ba 😂 Yanzu tiyo mai faɗin rabin inci nake sawa, wanda aka yi don mai mai zafi, na ɗaure shi nesa da salansa da taya, inda ya ratsa ƙarfe na sa masa roba.

Mai_Kunkuru72: Subhanallah. Wannan labari ya sa jikina ya yi sanyi. To hudar nan, ba a iya yin ta inji na kan mota? Wani bakanike ya ce min zai cika bakin abin yanka zaren da giris, ya kama burbushin, sannan ya hura iska ta ramin suwic ɗin fitilar mai.

Tsohon_Gareji: Ana yi. Na ga waɗanda suka yi suka tsira. Amma ka yi tunani: kana so ka hana datti zuwa metal, sai ka fara da zuba burbushin ƙarfe a hanyar da ta miƙe zuwa metal ɗin, kuma a inda mai ya riga ya wuce filtar, inda ba za ta taɓa kama shi ba. Ƙwaya ɗaya ta kuɓuce ya isa. Ni ba na yi wa kowa, ko nawa zai biya.

Injiniya_Bawul: Ƙari a kan haka, kes ɗin injin nan ba alminiyam zalla ba ne, haɗin maganiziyam ne. Yana da laushi, zare mai tsini in ka matse shi da ƙarfi sai wurin ya tsage. Burbushinsa kuma yana kama wuta, wutar da ruwa ba ya kashewa sai ma ƙara ta. A share shi daga kan benci kafin a kunna walda ko giranda.

Yar_Fiat500: Ku yi haƙuri na shigo gidan Bitil da baƙuwar mota. Tsohuwar Fiat 500 ita ma iska ke sanyaya ta, kuma ba ta da filtar takarda. A cikin fulin karanshaf aka yi mata wani kwano, mai na shiga yana juyawa, nauyin dattin ya jefa shi gefe ya manne. Ranar da na fara buɗe nawa, da cokali na kankare abin da ke ciki, ya yi tauri kamar yumɓu. Tun daga ranar na daina yarda cewa inji "ba ya tara datti". Yana tarawa, ku dai ba ku da inda za ku gan shi ne.

Mashin_CG: Haka ƙananan babura na Honda irin CG125 suke, kwano mai juyawa da 'yar rariya. Mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba.

Porsche_A_Mafarki: Porsche 356 kuma gwangwani ne a saman inji, ɗan kaso na man yake ɗiba ya tace ya mayar ƙasa. Ba duka yake tacewa a zagaye ɗaya ba, amma a hankali yana tsabtace shi. Kowa da dabararsa a lokacin.

Dan_Kombi: Jama'a an fara yawo fa, bawan Allah na jiran amsa 😅

Gejin_Firesha: Mu dawo. Duk wanda zai canza famfo, abu biyu ne ke kayar da mutane, kuma ban ga an taɓo su ba.

Na ɗaya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ita ke juya famfon. Akwai mai giya shafaffe mai ƙusa 3, akwai mai giya mai zurfi kamar kwano mai ƙusa 4, wanda aka koma yi wajajen 1971. Famfonsu ba ɗaya ba ne, tsawon harshen da ke shiga kamshaf ya bambanta. Kada ka ce tawa 'yar 1972 ce don haka mai huɗu ce. Motar da ta haura shekara 50, wa ya san sau nawa aka buɗe ta? Yawancin kamshaf na canji masu uku ne. Zare tsohon famfon, haska tocila, ƙirga, sannan ka saya.

Na biyu girma. Za a ce maka ɗauki mai giya milimita 30, ya fi ƙarfi. A injin da ba a taɓa ba, 26 ya wadatar. Babban famfo da mai mai kauri irin 20W-50 suna sa firesha ta zauna a sama, ɗan fistin ɗin da Tsohon Gareji ya faɗa sai ya ɗauka man bai yi zafi ba, ya ci gaba da kewaye kula. Geji na nuna maka firesha mai kyau, inji na dahuwa.

Mai_Kunkuru72: Ikon Allah. Ni da na ɗauka yawan firesha alheri ne.

Gejin_Firesha: Daidai ake so. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce kusan psi 10 a kowane juyi 1,000 na inji idan ya yi zafi. Kuma babban famfon nan shi ke fasa filta da safe. Ni ya taɓa kumbura min wata mai arha kamar balan-balan, robar bakinta ta fita, mai ya wanke ƙasan gareji. Sayi mai kaurin jiki, wadda ke da bawul ɗin kewaye a ciki da na hana mai komawa baya. Kada ka taka totur da sanyin inji.

Alhaji_Asali: Ni matsalata daban ce. Motar mahaifinka ce, ta kai yau a yadda take. Ranar da ka huda kes ɗin nan ba ya komawa. Masu neman tsohuwar mota ta asali suna buɗe bayanta su ga tiyo ja da shuɗi, sai su juya. Idan dole ne ka sa wanda za a iya cirewa, ka adana tsohon famfon da murfinsa a kwali.

SarkinTiyo: Alhaji, shi hawa zai yi ko a gilashi zai sa ta?

Alhaji_Asali: Shi za ka tambaya, ɗana. Amsar ma a nan take. Wanda ke fita da ita ranar hutu kawai, a shekara bai yi kilomita 3,000 ba, zai juye mai saboda daɗewa tun kafin ya yi datti. Filtar me zai yi?

Mai_Kunkuru72: Gaskiya ina hawanta kusan kullum Alhaji, wajen aiki da dawowa, kuma wani yanki na hanyar ba kwalta.

Tsohon_Gareji: To ka faɗi babbar magana a ƙarshe. Idan hanyar ƙura kake bi, fara da inda ƙurar ke shiga. Injin nan ba shi da sil a bayan fuli. Wani zare ne aka yanka a wuyan fulin, yana juyawa yana mayar da mai ciki, kuma yadda yake mayar da mai haka yake jan ƙura. Akwai sil da ake sakawa a wurin don masu bin yashi. Sannan filtar iska: idan ta asali ce mai wankan mai, kada ka yarda a canza maka da 'yar ƙaramar nan mai ƙyalli, wanke ta kawai ka sa mata sabon mai zuwa layi. Duba robar da ta zagaye inji, duba kwanukan duk suna nan. Na ga injin da aka kashe wa kuɗi a filta, ga rami a wuyan kafireto yatsa na shiga.

Injiniya_Bawul: Wannan ba musu. Amma ba duk datti daga waje yake zuwa ba. Ringi na ci, giyar kamshaf na ci, ga baƙin hayaƙin da ke tsallake fistin. Ƙyallin da ya gani a faranti daga ciki ya fito.

Maganadisu: Noti mai maganaɗisu fa? Ni shi kaɗai na sa a farantin ƙasa. Duk juye sai na ga ya tara gashi-gashin ƙarfe.

Injiniya_Bawul: Yana da amfani, ba kuma ya cutarwa. Sai dai ƙarfe kawai yake ja. Yashi, alminiyam, maganiziyam, abin da ke goguwa daga fuskar metal, duk wucewa za su yi. Ni na fi ɗaukarsa a matsayin ɗan rahoto: ranar da ka ga abin da ya kama ya ninka, ka san wani abu na faruwa a ciki.

Mai_Kunkuru72: Farantina ma ba shi da notin juye a tsakiya, sai da na kwance duka shidan mai ya zubo min a hannu.

BabaSifana: Haka na baya suke zuwa, don kada malalaci ya juye mai ya bar rariya. Kuma notin nan shida ba a danne su. A hankali, da 'yar ƙaramar sifana, kusan Nm 7. Ka matse da ƙarfi ka zare ƙusar daga jikin kes, ranar za ka san an yi aiki.

Hajiya_Karmann: Tambaya: in an sa filta, ana iya daɗewa ba a yi juye ba? Kamar kilomita 10,000?

Gejin_Firesha: Ni ban ba da shawara ba Hajiya. Filta datti take kamawa, ba ta hana mai tsufa. Inji mai sanyin iska ya fi mai lagireto gasa mai, kuma kafireto na ɗiga masa fetur musamman a gajeruwar tafiya. Abin da za ki samu shi ne ƙarin kamar rabin lita a zagaye, da mai mai tsabta tsakanin juye da juye. Rariyar ma ba a cire ta, ita ke tsare bakin famfo.

BabaSifana: Wato a sa filta, a sa tiyo, kuma a ci gaba da juye a 5,000 kamar yadda na faɗa tun farko. To madalla.

Dan_Kombi: Baba ba ya sauka daga kan bakansa 😂 Amma ni na yanka tsohuwar filtata na buɗe takardar a rana. Abin da na gani a ciki, da ba ita, ta metal ɗina zai bi.

Tsohon_Gareji: @Mai_Kunkuru72 in ka tashi canza famfon, ga abin da ake mantawa. Sassauta notin kes da ke sama da ƙasan famfon, ka yi amfani da abin zare shi, kada ka sa sukudireba ka ɓanɓare, za ka ci bakin kes ya riƙa yoyo har abada. Gasket ɗin murfin siriri ne kamar takarda, da gangan aka yi shi haka, ka sa mai kauri firesha ta faɗi. Shafa wa giyoyin giris mai laushi don ya kama mai da wuri. Cika filtar da mai kafin ka ɗaura in tana tsaye. Cire fulogi, cire wayar kwil, yi ta ba shi kiyi har jar fitila ta mutu, sannan ka tayar. In mai tiyo ne, ka tabbata ba ka juya shiga da fita ba, don bawul ɗin filtar zai toshe man gaba ɗaya.

Mai_Kunkuru72: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Abin da na fahimta: huda sai ranar da aka buɗe inji. Yanzu zan fara da sil ɗin fuli da filtar iska, in sa farantin da ke da noti mai maganaɗisu. Famfo mai filta kuma zan auna tsakaninsa da salansata tukuna. Har yanzu zuciyata biyu.

Alhaji_Asali: Ka dai adana tsohon famfon.

Injiniya_Bawul: Kafin ka sayi komai sa geji ka ga firesharsa da zafi. In ta riga ta yi ƙasa, metal sun tafi, filta ba za ta dawo da su ba, gara ka tara kuɗin buɗe inji a yi hudar gaba ɗaya.

Sabon_Shiga: Salam, yanzu na shigo. Tawa 1200 ce 'yar 1965, murfin famfonta ƙananan noti ne ba irin na 1600 ba. Famfon nan mai filta zai hau kuwa?

Gejin_Firesha: Ƙusoshin naka milimita 6 ne, yawancin na canjin don masu 8 aka yi su. Turo hoton wurin mu gani, ka haɗa da lambar injin da ke ƙarƙashin mazaunin janareto.